Sayar da Windows na Hannu: Abin da Lasisi Ya Ce da Abin da Kotuna Suka Yanke

Mutumin da ya sayi Windows, babbar manhajar kwamfuta ta kamfanin Microsoft, da kuɗinsa, ya yi amfani da ita shekara uku ko huɗu, sannan ya daina buƙatarta, yana da ikon sayar wa wani? Tambayar tana da sauƙin faɗa, amma kotunan Amurka da na Turai sun shafe shekaru fiye da ashirin suna fama da ita, kuma har yau amsar da ake bayarwa a Kalifoniya ta saɓa wa wadda ake bayarwa a Jamus. Tushen rigimar kuwa shi ne saɓani a kan abin da ya faru a ranar da aka biya kuɗin. Mai saye yana ganin ciniki ya faɗa, kaya sun zama nasa. Kamfanin da ya ƙirƙiri manhajar kuma yana cewa bai sayar da komai ba, izinin amfani kawai ya bayar bisa sharuɗɗa, shi ya sa kusan kowace yarjejeniyar lasisi take ɗauke da jimlar da ke cewa an ba da lasisin manhajar ne, ba a sayar da ita ba.

Kafin a je kotu, ya kamata a fara da abin da yarjejeniyar kanta ta ce, domin mutane da yawa suna zaton Microsoft ya haramta sake sayarwa baki ɗaya, alhali ba haka ba ne. Hukuncin ya danganta da hanyar da aka samu manhajar tun farko.

Hanya ta farko, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba, ita ce Windows ɗin da ta zo a cikin na'ura tun daga masana'anta, wadda 'yan kasuwa ke kira OEM. Kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suna sayen lasisin da yawa a kan farashi mai rahusa, su ɗora a kan kowace kwamfutar da suka ƙera, kuma sharaɗin rahusar shi ne lasisin ya zauna tare da wannan na'urar har ƙarshen rayuwarta. Yarjejeniyar Windows 10 ta yarda a miƙa irin wannan lasisi ga wani mutum, amma tare da na'urar kaɗai. Ma'ana, wanda ya sayar da laftof ɗinsa ya sayar da Windows ɗin da ke cikinta, kuma babu laifi a kansa ko a kan wanda ya saya. Abin da yarjejeniyar ta hana shi ne a raba su: a cire lambar kunnawa, wato lambar da ake shigarwa domin a kunna lasisin manhajar, daga matacciyar kwamfuta a sayar wa wani ya sa a tasa. A zamanin Windows 7 lambar tana rubuce a kan wata takarda da aka liƙa a ƙarƙashin laftof ko a gefen akwatin kwamfutar tebur, don haka kwafe ta ba wuya. Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, aka koma dasa lambar a cikin ƙwaƙwalwar babban allon na'urar, ta yadda manhajar ke karanta ta da kanta a lokacin da ake ɗora ta.

Hanya ta biyu ita ce wadda mutum ya saya daban, a kwali ko ta intanet, a kan cikakken farashi. Wannan ita ce mafi 'yanci. Mai ita yana iya ɗauke ta daga tsohuwar kwamfutarsa ya kai sabuwa, yana kuma iya miƙa ta ga wani, muddin shi ne mutum na farko da aka ba lasisin, wanda zai karɓa ya amince da sharuɗɗan, kuma an goge manhajar daga na'urar farko. Sharaɗin "mutum na farko" yana da nauyi, domin a bisa lafazin yarjejeniyar, miƙawa sau ɗaya ce aka halatta, wanda ya saya na hannu ba shi da damar sake sayarwa.

Hanya ta uku ita ce lasisin tari, wanda ma'aikatu da bankuna da jami'o'i ke saye domin ɗaruruwa ko dubban na'urori. Wannan yarjejeniya ce tsakanin kamfanin da wata hukuma takamaimai, kuma sharuɗɗanta ba su barin a yayyanka ta a sayar wa ɗaiɗaikun mutane. Daga nan ne mafi yawan rigingimun kotu suka taso, daga nan ne kuma ake zargin yawancin lambobin kunnawa masu arha da ake tallatawa a intanet suke tsiyayowa.

To, wannan shi ne abin da kamfani ya rubuta. Amma rubutun kamfani ba doka ba ne, kuma akwai wata tsohuwar ƙa'ida a dokar haƙƙin mallaka da ke karo da shi. A 1908 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar wani kamfanin ɗab'i mai suna Bobbs-Merrill, wanda ya buga gargaɗi a cikin wani littafinsa cewa kada a sayar da shi ƙasa da dala ɗaya, sai kantin Macy's ya riƙa sayarwa a kan santi 89. Kotun ta ce ikon mai haƙƙin mallaka a kan wani kwafi takamaimai yana ƙarewa da zarar ya sayar da shi karo na farko. Yana iya hana a buga sababbin kwafe, amma ba ya iya bin wanda aka riga aka saya yana gindaya masa sharaɗi. Daga baya ƙa'idar ta shiga dokar ƙasar a rubuce, a sashe na 109 na dokar haƙƙin mallaka. A kanta kasuwar tsofaffin littattafai da ɗakunan karatu suke tsaye. Kamfanonin manhaja sun san da ita sarai, kuma jimlar nan ta "lasisi ne, ba sayarwa ba" hanya ce ta kauce mata: idan ba a taɓa sayarwa ba, ai babu sayarwa ta farko da za ta ƙarar da iko.

A Amurka dabarar ta yi nasara. Wani ɗan kasuwa mai suna Timothy Vernor ya sayi tsofaffin faya-fayan asali na AutoCAD, manhajar zane ta kamfanin Autodesk, daga wani kamfanin zanen gine-gine, ya sa su a kasuwar intanet ta eBay, kamfanin Autodesk kuma ya yi ta sa ana sauke tallarsa. Kotun farko ta ba Vernor gaskiya, amma a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta tara ta juya hukuncin. Ta kafa ma'auni mai sassa uku: idan mai manhajar ya bayyana cewa lasisi yake bayarwa, ya taƙaita ikon miƙawa sosai, sannan ya gindaya manyan sharuɗɗan amfani, to mai amfani ba mamallaki ba ne, kuma ƙa'idar sayarwa ta farko ba ta kare shi. A 2011 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren ɗaukaka ƙarar. Raunin wannan ma'auni a bayyane yake, kuma a ganina babba ne: dukkan sassansa uku abubuwa ne da kamfani ke rubutawa da alƙalaminsa. Wanda ya tsananta sharuɗɗa shi ne ke samun ƙarin kariya, wanda ya biya kuɗi sau ɗaya ya riƙe faifai har abada kuma, ba tare da an taɓa neman ya mayar ba, ana ɗaukarsa tamkar ɗan haya. Shari'ar a kan manhajar zane aka yi ta, amma hujjarta ta shafi babbar manhajar kwamfuta daidai wa daida, don haka a Amurka abin da yarjejeniyar Microsoft ta ce shi ne kusan ƙarshen magana.

Turai ta bi wata hanya dabam, kuma Jamus ce ta share ta. Tun a watan Yulin 2000 babbar kotun tarayyar Jamus ta yanke hukunci a kan wani dillali da ya sayar da manhajar Microsoft ta OEM ba tare da sabuwar kwamfuta ba. Kotun ta ce da zarar kwafi ya shiga kasuwa da yardar mai shi, kamfani ba zai iya amfani da haƙƙin mallaka ya tilasta wa dillalan da ba su ƙulla yarjejeniya da shi ba su haɗa manhajar da na'ura. Shi ya sa aka daɗe ana sayar da irin wannan Windows a fili a kantunan Jamus, shi ya sa kuma sashen miƙawa na yarjejeniyar Windows 10 ya fara da cewa tanade-tanadensa ba su shafi wanda ya sayi manhajar a Jamus da wasu ƙasashe da aka lissafa ba, dokar ƙasa ce za a bi a can. Wannan gajeriyar jimla amincewa ce daga kamfanin kansa cewa akwai inda sharuɗɗansa ba sa aiki.

Babban hukuncin ya zo ranar 3 ga Yuli, 2012, a shari'ar kamfanin UsedSoft da kamfanin manhaja na Oracle a Kotun Tarayyar Turai da ke Luzambur. UsedSoft yana sayen lasisin da kamfanoni suka daina buƙata ya sake sayarwa, Oracle kuma ya kai ƙara yana cewa abokan cinikinsa saukewa suke yi daga intanet, babu faifai balle a yi maganar kayan hannu, kuma yarjejeniyarsa ta hana miƙawa. Kotun ta ƙi karɓar hujjojin biyu. Ta ce idan kamfani ya ba mutum kwafi tare da ikon amfani marar wa'adi, ya karɓi kuɗin da ya yi daidai da darajar wannan kwafin, to sayarwa aka yi ko da wane suna aka raɗa mata a takarda, kuma babu bambanci tsakanin faifai da saukewa. Ta ƙara da cewa ko yarjejeniya ta hana miƙawa, mai haƙƙin ba zai iya tsayar da sake sayar da wannan kwafin ba, kuma wanda ya saya na hannu halattaccen mai amfani ne da ke da ikon sauke manhajar a na'urarsa, har da gyare-gyaren da aka yi mata a lokacin da take hannun mai ita na farko. Dalilin da kotun ta bayar shi ne abin da ya fi gamsar da ni a cikin dukkan wannan muhawara: idan aka bar kamfani ya kauce wa ƙa'idar ta hanyar sauya suna kawai, zai riƙa karɓar kuɗi a duk lokacin da kwafi ɗaya ya sauya hannu, alhali ya riga ya karɓi ladansa a cinikin farko.

Sai dai hukuncin ya zo da iyakoki, kuma masu tallar lasisi mai arha sukan ambaci rabinsa na farko su yi shiru a kan sauran. Dole ne a ce an fara sayar da kwafin a cikin yankin tattalin arzikin Turai da yardar mai shi. Dole ne lasisin ya zama na dindindin, domin wanda ake biya wata-wata ko shekara-shekara haya ce ta gaskiya, ba a sake sayar da ita. Dole ne mai sayarwa ya lalata kwafinsa a lokacin da ya sayar, in ba haka ba ya ƙirƙiri kwafi na biyu ke nan, wanda keta haƙƙin mallaka ne. Game da lasisin tari, kotun ta hana a raba lasisin Oracle guda ɗaya mai ɗauke da masu amfani 25 a sayar da ragowar, amma a 2014 babbar kotun Jamus, a wata shari'a da ta shafi kamfanin manhaja na Adobe, ta ce idan tarin ya ƙunshi kwafe masu zaman kansu, kowanne a kan na'urarsa, ana iya sayar da su ɗaya bayan ɗaya. Kotunan Jamus sun kuma ɗora nauyin hujja a kan wanda ke iƙirarin lasisinsa halal ne: shi zai nuna daga inda ya fito, wa ya fara saye, da shaidar cewa na baya ya goge nasa.

Wata iyakar ta fito a 2016 daga ƙasar Latbiya, inda aka gurfanar da wasu mutum biyu da suka sayar da kwafen Windows da Office fiye da 3,000 ta intanet tsakanin 2001 da 2004, waɗanda ba a kan faya-fayan asali suke ba. Kotun Turai ta ce mai lasisi yana iya sayar da kwafinsa na asali, amma ba ya iya miƙa kwafin ajiya da ya yi wa kansa ba tare da izinin mai haƙƙin ba, ko da faifan asalin ya lalace ko ya ɓace. A Amurka ma an ga makamancin haka, cikin yanayi mai ɗaci. Eric Lundgren, wanda sana'arsa sake sarrafa tsofaffin kayan lantarki ce, ya sa an buga faya-fayai 28,000 na maido da Windows a kan kwamfutocin Dell, yana mai cewa manhajar da ke kansu kyauta ake sauke ta kuma ba ta aiki sai a na'urar da ke da lasisi. An ƙera faya-fayan su yi kama da na kamfanin, kotu ta ƙiyasta kowanne a kan dala 25, aka yanke masa ɗaurin wata 15, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018. Mutane da dama sun ga hukuncin ya yi tsauri, kuma ina cikinsu, amma ya nuna inda layin yake: miƙa abin da aka saya daban, buga sabon kwafi da tambarin wani daban.

Daga nan ake gane kuskuren da ya fi yawa a kasuwa, wato ɗaukar lambar kunnawa a matsayin lasisi. Lambar kamar makullin gida ce. Buɗe ƙofa da shi ba ya nuna cewa mai riƙe da shi yana da takardar gidan. Lambar da ake sayarwa a kan dala biyar ko goma tana iya kasancewa ta wata ma'aikata da aka ba damar kunna na'urori da yawa da ita, ko ta shirin ɗalibai, ko ta masu rubuta manhaja da aka ba domin gwaji, ko an sayar da ita ga mutum goma a lokaci guda. Za ta yi aiki yau, saƙon neman kunnawa ya ɓace daga fuskar kwamfuta, amma ranar da kamfanin ya toshe ta, mai saye ba shi da wanda zai riƙe. Dillalan lasisin hannu na gaskiya a Turai suna ba da takardun da ke nuna asalin lasisin da sanarwar gogewa daga mai shi na farko, kuma farashinsu, ko da yake ƙasa da na sabo, ba ya kusa da kyauta.

Ba duk manyan manhajoji ne ke da wannan matsala ba. Apple ya ɗaure babbar manhajarsa ta macOS da na'urorinsa, ya kuma yi nasara a kotu a kan kamfanin Psystar da ya riƙa ɗora ta a kan kwamfutocin da ba nasa ba, amma tun 2013 kyauta yake ba da sababbin fitowarta, don haka babu wata kasuwar hannu da ta rage sai ta na'urar kanta. Babbar manhajar Linux kuwa lasisinta mai suna GPL ya halatta wa kowa ya kwafa, ya raba, ya kuma karɓi kuɗi a kan haka idan ya samu mai biya, bisa sharaɗin ya ba na gaba irin 'yancin da shi ma ya samu.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yancin da kotun Turai ta tabbatar yana zaizayewa ba tare da an soke hukuncin ba. Tun daga Windows 10, wadda aka fitar a watan Yulin 2015 aka kuma ba masu Windows 7 da 8.1 kyauta, kunnawa ta koma rajistar da ke ajiye a rumbun kamfanin, ɗaure da siffar na'ura da kuma asusun mai ita, galibi babu kwali babu faifai da za a miƙa wa wani. A ɓangaren ma'aikatu kuma ana ta tura su zuwa biyan kuɗin shekara-shekara, wanda ba ya barin komai a hannu idan wa'adi ya ƙare. A 2021 wani dillalin lasisin hannu na Birtaniya, ValueLicensing, ya maka Microsoft a kotu yana neman fam miliyan 270, bisa zargin cewa kamfanin ya riƙa ba manyan abokan ciniki rangwame domin su bar tsofaffin lasisinsu na dindindin maimakon su sayar, abin da Microsoft ya musanta. Ko ma yaya aka ƙare a can, alƙiblar a fili take: idan babu lasisin dindindin a kasuwa, ƙa'idar sake sayarwa ba ta da abin da za ta yi aiki a kai. Ita kanta Kotun Turai ta nuna a 2019, a shari'ar da ta shafi littattafan lantarki a Holan, cewa ba ta da niyyar faɗaɗa hukuncin 2012 zuwa sauran kayan da ake saukewa.

Maganar ta shafi Nijeriya da Nijar kai tsaye, domin kaso mai yawa na kwamfutocin da ake saye a Computer Village ta Ikeja ko a Farm Centre ta Kano na hannu ne, an shigo da su daga Turai da Amurka. Hukuncin Luzambur ba ya ɗaure kotun Nijeriya, hukuncin Amurka ma haka. A Nijeriya Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ce ke aiki, wadda ke kare manhajar kwamfuta, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya kuma ita ke sa ido a kanta. Abin da ke sauƙaƙa lamarin ga mai saye shi ne hanyar da ko'ina aka yarda da ita: laftof ɗin da ta fito daga masana'anta da Windows, lasisinta yana biye da ita duk hannun da ta shiga, ko an sauya mata ma'ajiyar bayanai, ko an goge komai an sake ɗorawa, muddin irin fitowar da aka ba ta lasisi aka mayar. Inda ake samun tangarɗa shi ne na'urorin da suka fito daga ma'aikatun ƙasashen waje ɗauke da fitowar Windows ta ma'aikatu mai suna Enterprise, wadda lasisinta na ma'aikatar ne kuma ba ya tafiya da na'urar, da kuma waɗanda mai gyara ya ɗora wa fasasshiyar manhaja marar lasisi alhali a cikin allonsu akwai lambar asali da ba a taɓa ba. Wanda zai sayi na'urori da yawa domin makaranta ko cibiyar jarrabawa ya kamata ya duba shafin kunnawa a saitin kowace ɗaya, ya ga irin fitowar da ke kai, ya kuma nemi a rubuta masa hakan a rasit.

Akwai kuma wani sabon al'amari da ya kamata ya shiga cikin ciniki. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da sababbin na'urorin sarrafawa, abin da ya bar miliyoyin kwamfutoci masu lafiya a waje. Ma'aikatun Turai da Amurka suna sallamar irin waɗannan, kuma kasuwannin kayan hannu ne makomarsu. Lasisin da ke kansu halal ne, ba ya ƙarewa, miƙa shi tare da na'urar kuma daidai ne a ƙarƙashin yarjejeniyar kamfanin kanta. Amma lasisin amfani bai haɗa da alƙawarin gyaran tsaro har abada ba, don haka laftof biyu masu kama da juna, dukkansu da Windows ta asali, suna iya bambanta ƙwarai a daraja idan ɗaya tana karɓar Windows 11 ɗayar kuma ba ta karɓa, kuma haƙƙin mai saye ne a gaya masa wacce ce a gabansa kafin a yanke farashi.